Ƙugu 104 ko 118: wane allon siki za a saya wa mai zuwa Hokkaido?

Alhaji Kabiru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ƙanena zai je Niseko da ke tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan a watan Janairu, daga baya kuma yana da niyyar Chamonix a Faransa. Tsawonsa santimita 178, nauyinsa kilo 80. Gyararriyar hanya ya iya ta sosai, yanzu ne yake son fara shiga dusar da ba a taka ba. An turo mana hoton allunan siki biyu, duka na hannu. Ɗaya faɗin ƙugunsa, wato tsakiyarsa, milimita 118, tsawonsa santimita 192. Ɗayan ƙugu 104, tsawo 184. Kuɗin kusan ɗaya ne. Ni zan biya daga nan Kano, shi ya sa nake son sanin abin da zan zuba wa kuɗi.

Sadiq: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. In dai Niseko ce a Janairu, a ɗauki 118 a wuce wurin. Iska mai sanyi tana tasowa daga Saiberiya, ta ratsa Tekun Japan ta kwashi danshi, ta zo ta bugi duwatsun Hokkaido ta sauke. Abin da ke zuba a can a shekara ya haura mita 10, kuma busasshiyar dusa ce mai kamar gari, ruwan cikinta kaɗan ne. Irin wannan ba ta riƙe mutum. Siririn allo nutsewa yake, hanci ya shige ƙasa, mai shi ya koma yana jingina baya don ya ɗago shi, kafin azahar cinyoyi sun mutu. Mai faɗi kuwa yana raba nauyi, kamar yadda tafin raƙumi ke tafiya a rairayin da ƙafar doki ke lumewa.

Injiniya Bashir: Sadiq, bayaninka a kan dusar daidai ne, amma ka tsallake rabin tambayar. Alhaji ya ambaci Chamonix, kuma ya ce yaron yanzu zai fara.

Mu fara da lissafi. Tsakanin 104 da 118 milimita 14 ne, wato ƙarin kusan kashi 13 cikin 100 a ƙugu. A dusa mai zurfi wannan ƙarin yana taimakawa, ban musa ba. Amma a ƙasa mai tauri ga abin da ke faruwa: ƙafa tana tsakiyar allo, bakin ƙarfen da ke cizon ƙanƙara yana gefe. A 104 nisan da ke tsakaninsu milimita 52 ne, a 118 kuma 59. Duk lokacin da za ka kwantar da allon a kan bakinsa, sai ka yi kokawa da wannan nisan, kuma idon sawu da gwiwa ne ke biya. Sauya gefe daga hagu zuwa dama ma yana ɗaukar lokaci. A gangara mai tsayi da ƙanƙara ta daskare, wannan jinkirin ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ko a Niseko ba yini guda ake yi cikin garin dusa ba. Dutsen Annupuri, inda ake zamiyar a Niseko, tsayinsa mita 1,308 ne, mutane sun yi yawa, wuraren da ke kusa da lifta mai kai mutane saman dutse kafin hantsi an tattake su. Daga nan sai dusar da aka yayyanka, da tudun-tudun, da gyararriyar hanyar komawa ƙasa.

Sadiq: Injiniya, ai ba don hanyar komawa ƙasa mutum zai biya kuɗin jirgi daga Kano har Sapporo, babban birnin Hokkaido, ba. Don waɗannan awanni biyun na safe ake zuwa.

Injiniya Bashir: Haka ne. Sai dai ba faɗi kaɗai ke ɗaga allo a cikin dusa ba, kuma a nan masu saye da yawa ke ruɗewa. Ka ajiye allo a ƙasa mai santsi ka duba shi ta gefe. Na gyararriyar hanya tsakiyarsa a ɗage take, yana da doro, hanci da wutsiya ne ke taɓa ƙasa. Idan ka taka, doron ya miƙe ya danna bakin ƙarfe tun daga gaba har baya, shi ne riƙon. Na dusa mai zurfi kuwa hancinsa tun daga nesa yake fara tashi, wani santimita 40 ko 50 na gaba ba sa taɓa ƙasa. Wannan ɗagin hancin shi ke sa allo hawa saman dusa da kansa. Allo 104 mai dogon ɗagin hanci da ɗan laushi a gaba zai iya fin 112 mai tauri da cikakken doro tasowa.

Tarihin abin ma ya nuna haka. Wani shahararren ɗan wasan siki, Shane McConkey, shi ne ya dage cewa dusa mai zurfi halinta halin ruwa ne, don haka a ƙera mata allo irin na zamiya a kan ruwa. Kamfanin Volant ya fitar da Spatula a 2002, ba doro ko kaɗan, kuma ƙugunsa ya fi hanci da wutsiya faɗi. A garin dusa ya yi abin mamaki, a ƙasa mai tauri kuwa ba ya jin magana. Abin da kamfanoni suka zauna a kai daga baya shi ne haɗi: ɗagi a gaba, ɗan doro a ƙarƙashin ƙafa, ɗan ɗagi a baya. Alhaji, ka nemi mai sayarwa ya haɗa allunan biyu ciki da ciki, wato fuskokin da ke kwanciya a kan dusa, ya ɗauko hotonsu ta gefe. Nan za a ga komai.

Alhaji Kabiru: Na gode Injiniya. A jikin mai 104 ɗin an rubuta 135-104-124, sannan R 19. A ɗayan 144-118-135, R 23. Me waɗannan ke nufi?

Malam Nura: Alhaji, lambobi ukun faɗin hanci ne, da ƙugu, da wutsiya, a milimita. R ɗin kuma girman kwanar da allon ke son yi ne idan an kwantar da shi, a mita. Na gyararriyar hanya yawanci 13 zuwa 17 ne, suna saurin juyawa. Na manyan duwatsu 18 zuwa 25, wasu sun wuce. Mai ƙaramar lamba a dusar da iska ta busar ta yi ɓawo yana fizga, hancinsa ya kama ya juya kai ba ka shirya ba. Mai babbar lamba yana tafiya miƙe, ba ya rawa a guje, amma a cikin bishiyoyi sai ka yi da gaske kafin ya juya. Niseko kuwa yawancin daɗinta a tsakanin bishiyoyi yake.

Ni abin da ya fi damuna ba faɗin ba ne, tsawon ne. 192 ga mai santimita 178 ƙarin 14 ke nan a saman kansa. Gwanaye masu nauyi da gudu suna hawan haka. Mai koyo a daji zai sha wuya. Gaskiya ne allo mai ɗagi yana jin gajarta fiye da abin da aka rubuta, tunda ɓangaren da ke taɓa ƙasa ya ragu, shi ya sa ake ƙara santimita 5 zuwa 10 a kan tsawon mutum. 184 ya faɗa daidai cikin wannan. Da mai 118 ɗin 184 ne ko 186, da muhawarar ta fi zafi.

Sadiq: Wannan kam na yarda, 192 ya yi masa yawa. Amma kada a ɗauka faɗin ne laifin.

Dakta Maryam: Faɗin ma yana da nasa, Sadiq. Abin da Injiniya ya lissafa a milimita, a asibiti gwiwa ce. Allo mai faɗi a ƙasa mai tauri yana tilasta wa gwiwa karkata ciki don a samu cizo, kuma jijiyoyin da suka fi yagewa a wannan wasan su ne ta gefen ciki da wadda ke giciye a tsakiyar gwiwa. Ta tsakiyar tana yawan tsinkewa ne idan mutum ya faɗi baya-baya, nauyinsa a wutsiya, allon ya kama ya murɗa ƙafa. Doguwar wutsiya mai tauri tana ƙara ƙarfin wannan murɗar. Ban ce 118 zai karya kowa ba. Na ce ga wanda jikinsa bai saba ba, wanda zai fito daga ƙasa mai zafi ya hau yini shida a jere, gajiya ita ke kawo irin wannan faɗuwar, kuma allo mai nauyi da tsawo yana saurin kawo gajiya.

Malam Nura: Tunda Dakta ta kawo nauyi, Alhaji a tambayi abin da ke cikin allon. Zuciyarsa katako ce. Wasu kamfanoni suna shimfiɗa falle ɗaya ko biyu na wani ƙarfe mai suna Titanal, wanda galibinsa alminiyom ne. Allo ɗaya mai falle biyu yakan kai kilo 2.1 zuwa 2.3 ba tare da maɗaurin takalmi ba. Yana shanye girgiza, yana ratsa dusar da aka yayyanka ba ya tsalle, shi ne abin da masu manyan gangara ke so. Amma yana buƙatar gudu da ƙarfin ƙafa kafin ya lanƙwasa. Marar ƙarfe, mai kabon da katako marar nauyi, yakan tsaya kilo 1.5 zuwa 1.8. Da daɗi wajen hawa dutse da ƙafa, amma a ƙasa mai gargada yana kaɗawa. Ga ƙanin Alhaji, tsakanin 1.9 da 2.1 ya isa. A sa mai sayarwa ya ɗora ɗaya a sikeli.

Alhaji Kabiru: Mai 104 ɗin ba shi da maɗaurin takalmi. Yaron yana da wani a tsohon allonsa, ya ce a cire a mayar. Zai yiwu?

Malam Nura: Zai iya yiwuwa, amma akwai abubuwan dubawa, kuma a nan aka fi yin ɓarna.

Na farko birki. Ƙafafu biyun nan da ke sauka su caki dusa idan takalmi ya fita, faɗinsu dole ya kai ƙugun allo, kada kuma ya wuce shi da fiye da milimita 15. Tsohon allon gyararriyar hanya birkinsa 80 ne ko 90, ba zai sauka a kan 104 ba. Ana buƙatar 105 ko 110. Wasu suna lanƙwasa shi da filaya, milimita kaɗan yana yiwuwa, amma 15 ko 20 sai ƙarfen ya raunana. Idan kuma ya yi faɗi da yawa, yana jan ƙasa a kwana, ko ya sarƙe da ɗan'uwansa. Allon da ya kuɓuce ba birki a dusa mai zurfi yakan shige ƙarƙashi ya yi tafiyarsa, a yini ana tono.

Na biyu tafin takalmi. Akwai tsohon tsari mai tafi shafaffe, lambar ƙa'idarsa ISO 5355. Akwai GripWalk mai roba da ɗan lanƙwasa, ISO 23223. Akwai na hawan dutse, ISO 9523. Idan aka cusa takalmin GripWalk a maɗaurin da bai san shi ba, zai shiga, ya yi kamar ya zauna, amma ranar faɗuwa ba zai saki yadda ya kamata ba. A duba tambarin da ke jikin maɗaurin.

Sai hujin. Kowane allo yana da layin da kamfani ya zana inda tsakiyar takalmi zai zauna. A bi shi. Allunan da aka yi don fuskantar gaba layin yana santimita 8 zuwa 12 bayan tsakiya, na masu tsalle da juyi kuma 2 zuwa 6. Matsar da shi gaba yana sa saurin juyi amma hanci ya rage tasowa. Bakin abin huji milimita 3.5 ne ga marar ƙarfe, 4.1 ga mai ƙarfe, zurfi milimita 9.5, kuma yawanci an rubuta a jikin allon. Sabon rami ya nisanci tsoho da aƙalla santimita 1, tsofaffin a toshe su da gam don kada ruwa ya shiga katako ya ruɓar da shi. Kada a kai wa kafinta ko mai walda a nan gida, duk ƙwarewarsa. Aikin yana buƙatar ma'aunin huji na wannan maɗaurin takamaimai, da injin gwada sakin. A bari sai an isa can.

Sadiq: A ƙara da lambar DIN, wadda ke saita ƙarfin da maɗauri zai saki takalmi. Samari suna son murɗa ta sama wai kada allo ya fita a dusa.

Dakta Maryam: Wannan ita ce hanyar ɗakin tiyata mafi kusa. Lambar ana fitar da ita ne daga jadawali: nauyi, tsawo, shekaru, tsawon tafin takalmi a milimita, da irin hawan mutum. Mai kilo 80 da tsawo 178 galibi tsakanin 6 da 8 zai faɗa. Maɗauri mai 4 zuwa 13 ya ishe shi har ya yi saura. Wanda ya fara daga 8 ko 9 zuwa 18 na 'yan gasa ne, kada a saya don kwalliya. Idan allo yana fita ba dalili, a fara duba matsin baya na maɗaurin da dusar da ta manne a tafin takalmi, kafin a taɓa lambar.

Injiniya Bashir: Mu koma Chamonix, don ita ce ta yanke hukunci a wurina. Can motar kebul tana kai mutum Aiguille du Midi, mita 3,842. Daga nan a sauka da ƙafa ta wani siririn doron dutse ana ɗauke da alluna, sannan a shiga Vallée Blanche, kusan kilomita 20 a kan daskararriyar ƙanƙara mai tsagogi. A sauka ɗaya za ka iya samun gari a sama, ɓawon iska a tsakiya, ƙanƙara mai tauri a mashigi, jiƙaƙƙiyar dusa mai nauyi a ƙasa. Tsaunukan Alps, inda Chamonix take, ba sa samun zuba kullum irin na Hokkaido, ana iya yin mako biyu ba sabuwa. Allon da ake nema a can shi ne wanda ba ya kunyata mutum a kowane hali, kuma wannan tsakanin 98 da 108 yake. Mai 118 allo na biyu ne, na wanda ya riga ya mallaki na kullum.

Sadiq: To ga sulhu. A sayi 104. Ranar da aka kwana ana zuba a Niseko, ya je shagon haya ya karɓi 115 ko 118 na yini ɗaya, tsawo 184 zuwa 186. Shagunan can suna da su, wasu ma suna barin a canza allo a cikin kwanakin hayar. Gani ya kori ji, shi da kansa zai san bambancin. Amma ina nan a kan bakana, a wannan safiyar 118 ta fi daɗi.

Hajiya Binta: Ni tambayata daban ce. Me ya sa za a saya tun farko? Jakar siki kusan mita 2 ce. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai an sauya jirgi aƙalla sau biyu kafin filin jirgin New Chitose na Sapporo. Wasu kamfanonin jirgi suna lissafa ta a cikin kilo 23 na kaya, wasu suna cajin ta daban, kuma dokar kowane zango daban take. A tambaye su a rubuce kafin a yanki tikiti. Wanda zai hau mako ɗaya ko biyu a shekara, haya ta fi masa sauƙi. Abin da ya cancanci saye shi ne takalmi, don shi ne ba a samun daidai ƙafa a haya.

Malam Nura: Hajiya ta faɗi gaskiya a kan takalmi. Allo mai faɗi da takalmi mai laushi ko mai yawa ba sa haɗuwa, ƙafa tana motsi a ciki, umarni ba ya isa bakin ƙarfe. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, faɗin ciki kuma 97 zuwa 104 milimita. Lambar taurinsa ga wannan yaron 110 ko 120. A cire rigar ciki, a sa ƙafa a kwankon, yatsu su taɓa gaba: abin da ya rage a bayan dunduniya kada ya wuce santimita 2. Sanduna kuma a canza musu faifan ƙasa zuwa mai faɗi, wajen santimita 9 ko 10, in ba haka ba suna nutsewa har hannu.

Dakta Maryam: Alhaji, kafin a rufe maganar kuɗi, a ware na abin da ya fi allon muhimmanci. Allo mai faɗi yana kai mai ƙaramar ƙwarewa wurin da a da sai gwani ke isa, kuma wurin nan ne dusa ke zaftarewa. Yawancin zaftarewar tana faruwa a gangara mai digiri 30 zuwa 45, wato daidai wadda ta fi daɗin hawa. Wanda dusa ta binne, in an tono shi cikin minti 15 na farko, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa. Bayan minti 35 abin ya faɗo wajen 3 cikin 10, saboda numfashi ne ke ƙarewa. Masu ceto ba sa isowa a wannan lokacin, abokan tafiya ne ke tono. Don haka kowa a tawaga sai ya ɗauki abu uku: na'urar gano wanda aka binne, mai aiki a kan 457 kHz, a ɗaure a jiki ƙarƙashin riga ba a jaka ba, sandar caka mai tsawon santimita 240 ko fiye, da shebur na ƙarfe, don na roba yana karyewa a dusar da ta zaftare ta daskare. A nisanta waya daga na'urar, tana rikita ta. Kuma a yi horo, mallaka kaɗai ba ta tono kowa.

A Turai ana fitar da matakin haɗari kullum daga 1 zuwa 5. Mataki na 3 shi ya fi cin rai, don mutane suna ganin tsakiya ne su fita. A Niseko akwai ƙofofi da ake buɗewa ko rufewa gwargwadon yanayi, kuma an hana bi ta ƙarƙashin igiya. A daji kuma akwai ramin da ke kewaye gindin bishiya da bakin ƙoramu da dusa ta rufe, mutum yakan faɗa da ka ya kasa fitowa. Kada ya shiga shi kaɗai. A Vallée Blanche a ɗauki ɗan jagora mai lasisi. Inshorar tafiya kuma a karanta ta, da yawa ba sa biyan abin da ya faru a wajen gyararriyar hanya.

Alhaji Kabiru: Allah ya saka da alheri. Na karkata ga 104 ɗin. Tunda na hannu ne, me zan ce a duba kafin in tura kuɗi? Kuma in ya dawo da shi gida, zafin Kano ba zai lalata shi ba?

Malam Nura: A nemi hoton bakin ƙarfe kusa-kusa, tun daga hanci har wutsiya. Tsatsa ta sama ba komai, ana gogewa. Tsagewa, ko wurin da ƙarfen ya lotsa ciki, ko ya rabu da jiki, a bar shi. A duba ko an wasa shi har ya sirance. A fuskar allon ta ƙasa, ƙarzuwa marar zurfi ana cikewa, amma ramin da ya kai har ana ganin abin da ke ƙarƙashi, musamman dab da ƙarfe, sai an yi gyara na sosai. A ƙirga ramukan maɗauri: ɗaura maɗauri sau ɗaya ko biyu ba laifi, na uku shi ne iyaka. A haɗa su ciki da ciki, in ɗaya ya fi ɗaya doro ko hancinsu bai yi daidai ba, ɗaya ya lanƙwashe, kuma mai ƙarfe in ya lanƙwashe ba ya dawowa.

Ajiya a Kano kuma, a wanke a busar, a shafa kaki mai kauri da dutsen guga a cikin allon har ya rufe bakin ƙarfe, kada a kankare sai za a sake tafiya. Shi ke hana cikin bushewa a lokacin hunturu, ya hana tsatsa da damina. A sa a jaka saboda ƙura, a ajiye a ɗaki mai inuwa, ba sito mai rufin kwano ba, ba kuma but ɗin mota a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ba. Kada a ɗaure su da ƙarfi a tsakiya har doron ya danne. Takalmi a fitar da rigar ciki ta bushe, a mayar, a ɗaure maɓallansa sako-sako don kada kwankon ya buɗe. Na'urar ceto a cire mata batir, in ya zubar a ciki ta tashi aiki.

Sadiq: Alhaji, a tambayi mai sayarwa tsawon tafin takalmin da aka yi tsohon hujin da shi. In ya yi kusa da na ƙaninka kuma maɗaurin iri ɗaya ne, ba sai an sake huda ba.